MAI MURYAR ALHAJI BUNSURU

Shafi na 23

Masu cika min waya da "Anti a ci gaba, Anti kin bar mu a rataye", to ga shi nan, ku sarara min haka. Kwana biyu ba mu ga wuta ba, cajin ma sai da aka kai min bakin titi. Ke kuma baiwar Allahn da kika ce in asirin Rahmatu ya tonu kin daina karantawa, ki ɗebo ruwan randa ki ajiye kusa da ke.

*

Rahmatu tana tsugune gaban murhu tana tuƙin tuwon dawa, sai ga Mala, wan mijinta, ya leƙo tsakar gida.

"Baba ya ce kowa ya yi alwala ya fito gindin darbejiya. Maza da mata. Yanzu."

Bai jira amsa ba ya juya.

Alwala? La'asar dai an yi ta tun ɗazu, magariba kuwa da sauranta. Rahmatu ta ajiye muciyar.

Kwana uku ke nan gidan ba daɗi. Tun ranar da surukinta Baba Bunu ya dawo daga ɗaurin aure a Dawakin Tofa, ya tsaya a bakin zaure ya rantse da Allah cewa duk wanda yake ɗora wa bunsuru muryarsa a Tiktok, in dai a ƙarƙashin inuwarsa yake, ba zai ƙara kwana a gidan nan ba. Ɗa ne, 'ya ce, ko suruka.

Kuma Rahmatu ce. Ita ce Alhaji Bunsuru.

Tun tana 'yar ficiciya Allah ya yi mata wannan baiwa, ko in ce wannan jarraba. In ta ji mutum ya yi magana sau biyu, to ta ɗauke muryarsa ke nan. Da aka kawo ta gidan nan sai ta haɗiye abarta, don suruka a gidan Baba Bunu ba ta ɗaga murya. Shekara shida daga "ina kwana" sai "sannu da zuwa", su ma a durƙushe, kai a ƙasa. Sai ran nan 'yarta Asiya ta ƙi cin tuwo tana ta tsala kuka, ga bunsurun Baba a turke yana tuƙa yana kaɗa gemu. Rahmatu ta yi gyaran murya sau uku irin na Baba, ta ce, "Tooo, jama'ar Annabi, duniya ta ƙare, saura shara." Yarinya ta bar kuka ta hau ƙyaƙyatawa. Nuriyya, ƙanwar mijinta mai karatu a jami'a can wajen Rijiyar Zaki, ta ji, ta kusa shiɗewa don dariya. Ita ta buɗe mata shafin, ita ta koya mata ɗora murya a kan bidiyo. Wai mutanen nesa ne kawai za su gani. Wai!

Tana cikin wannan tunanin Nuriyya ta faɗo ɗakin girkin, idonta duk a waje.

"Anti, ya fito da gafaka."

"Wace gafaka?"

"Gafaka nawa gare shi? Ta Barno."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Rahmatu ta zauna daɓas a ƙasa. Kaf garin nan babu wanda bai san gafakar ba. Alƙur'ani ne rubutun hannu a ciki, wanda mahaifin Baba Bunu ya taho da shi daga Barno tun kafin a gina madatsar Watari. Ba a buɗe shi sai magana ta kai maƙura. Mutane suna cewa wani mahauci ya taɓa dafa shi a kan ƙarya, kafin Juma'a ta zagayo bakinsa ya koma gefe. Gaskiya ne, ƙari ne, Rahmatu ba ta sani ba, ba ta kuma son sani da bakinta.

"Na goge komai, Nuri," ta ce cikin raɗa. "Wallahi na goge. Shafin ma na rufe shi tun shekaranjiya."

"Kin goge naki. Na wayoyin mutum dubu ɗari biyu fa?"

"To ai ba shi da hujja. Fuskata ba ta fito ba. Ko yatsana bai fito ba. Kan bunsuru ne kawai da katangar ƙasa, katangar ƙasa kuwa wane gida ne babu?"

"Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan."

"Nuri, in ya gano, ni kam tawa ta ƙare. Zan bar gidan nan, kuma kin san ba za su ba ni Asiya ba."

Nuriyya ta kama hannunta ta matse.

"Ba za ki ji daga bakina ba, Anti. Ni na jefa ki."

"Ku fito mana!" Muryar Mala ce daga waje.

Alwalar da Rahmatu ta yi ranar nan Allah ne kaɗai ya san ko ta cika. Ta zura hijabi, ta saɓi Asiya, ta fito tana jan ƙafa.

Gindin darbejiya an shimfiɗa tabarmi. Baba Bunu yana zaune a kan buzunsa, farar riga, farin gemu, gafakar tana kan cinyarsa. Shekara saba'in da 'yan kai amma bayansa a miƙe yake tsaf. Mala da ƙanensa Uzairu, mijin Rahmatu, suna damansa. Mata suna can gefe: Inna Amsa uwar gida, sai Kaltume matar Mala, sai Nuriyya. Rahmatu ta raɓa ta zauna a ƙarshen tabarma, inda ta saba zama. Gabas ta fara haɗa hadari, iska ko kaɗan babu.

Baba ya yi gyaran murya.

Sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku.

Jama'a, da Rahmatu ce mai jiran wannan gyaran muryar ta adana a kunne. Yau kuwa kowanne ɗaya ji ta yi kamar ana sara mata gatari a ƙirji.

"Tooo," in ji Baba. Sai ya tsaya. Kana gani ka san ya tuna cewa kalmar ma ta zama abin dariya a gari. Ya haɗiye sauran.

"Shekarata arba'in ina awon hatsi a kasuwannin nan. Ban taɓa tauye mudu ba. Ban taɓa zagin ɗan kowa ba. Ranar Asabar aka ce in yi wa ango da amarya addu'a a Dawakin Tofa. Na miƙe. Ina yin gyaran murya, sai wani yaro daga baya ya ce meee."

Ya ci gaba.

"Wuri ya ɗauki dariya. Ba yara kaɗai ba. Dattawa, sa'o'ina, suna tura baki cikin babbar riga. Liman da kansa ya sunkuyar da kai kafaɗarsa tana rawa. Ni ban san me ake wa dariya ba. Na duba rigata, na ce ko wani abu ne ya ɓata. Na shafa gemuna. Haka na tsaya a gaban mutum ɗari ina shafa gemu, su kuwa suna ƙara fashewa."

Muryarsa ta ɗan karye a nan. Rahmatu ta ji hawaye ya cika mata ido. Tsoro ne, amma har da kunya, kunya mai nauyi. Ita fa ba ta taɓa ƙin tsohon nan ba. Shi ne ya kai ta asibiti a bayan babur ranar da naƙudar Asiya ta zo da gardama.

"Mala, kunna."

Mala ya danna wayarsa ya ɗaga ta sama. Sai ga Alhaji Bunsuru, kai ya cika fuskar waya, leɓe na motsi, muryar Baba Bunu tana fita tangaram:

"Tooo, jama'ar Annabi! Yaro ya sayi sabon wando, ya kai wa tela ya yaga masa gwiwa, ya biya kuɗin yagawa! A zamaninmu talauci ne ke yaga wando, kuma kyauta yake yi!"

Kaltume ta danne baki da hijabi. Allah ya taimake ta tari ya zo ya rufa mata asiri.

"Kashe," in ji Baba. "Je ka kawo shi."

Mala ya zaga bayan ɗakuna, ya dawo yana jan bunsurun da igiya. Gogan naku ya iso yana wari, ko a jikinsa, ya tsaya tsakiyar taro ya fara cin gefen tabarma.

Asiya tana ganinsa ta washe baki ta juyo.

"Umma, ga Alhaji! Umma, yi masa..."

Rahmatu ta kifa fuskar yarinyar a ƙirjinta. Ta saci kallon mutane. Babu wanda ya kula, duk hankali yana kan Baba da ya kama kunnen bunsurun.

"Ku dubi nan. Hagu, tsaga biyu. Dama, an gutsure baki. Shaidar wa ke nan?"

"Ta gidan nan ce, Baba," in ji Uzairu.

"Shaidar mahaifina ce. Da wuƙata na yi wa dabbar nan ita tana kwana bakwai. Daga nan har bakin Watari kowa da irin yankansa, babu mai wannan sai mu. Mala, tsayar da hoton a kan kunnen."

Mala ya tsayar. Ga tsaga biyu nan ɓaro-ɓaro.

Wayyo Rahmatu! Ta ɓoye fuska, ta ɓoye suna, ta ɓoye ɗaki, ta kauce wa randa da turmi don kada a gane gida, amma ta manta kunne. 'Yar manoma, wadda ta tashi tana rabe awakin gidansu da na maƙwabta ta yankan kunne! Mutanen birni dubu ɗari biyu sun kalla ba su ga komai ba sai gemu. Ɗan ƙauye kuwa kallo ɗaya ya ishe shi.

Inna Amsa ta yi ƙarfin hali.

"Malam, dabba ce fa. Yawo take. Wani ɗan iska zai iya tare shi a waje ya ɗauka."

"Da rani, i. Yanzu wane wata muke?"

Baba bai jira ta amsa ba.

"Tun saukar ruwan fari wa ya saki dabba a garin nan? Gona tana bakin ƙofar kowa. Wata uku ke nan yana turke a bayan ɗakunanku, ko zaure bai leƙa ba. Ku dubi abin da yake ci a hoton. Ɗanyen haki ne ko busasshe?"

"Ɗanye ne," Mala ya ce.

"To a cikin gidana aka ɗauka. Wanda yake cin tuwona ne ya mai da ni bunsuru."

Gumi ya jiƙe wa Rahmatu baya sharkaf. Ta ji fitsari yana neman kamata.

Baba ya yi bisimilla ya kwance igiyar gafakar. Ya fito da Alƙur'anin a hankali, takardunsa sun yi ja don tsufa, ya ɗora a kan buzu.

"Kowa zai dafa. Zai ce: ba ni na yi ba, kuma ban san wanda ya yi ba. Amsa, ke kam zauna, wayarki ko tocila ba ta da ita."

Sai ya juyo ƙarshen tabarma, inda Rahmatu take.

"Ke ma Maman Asiya, zauna abinki, 'yata. Shekara shida ban taɓa jin muryarki ta fi ta sauro ba. Ba zan ɗora miki rantsuwa a kan abin da ko a mafarki ba za ki iya ba."

"Na gode, Baba," ta ce, da 'yar muryar nan tata ta sauro.

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ta ji. Wani sanyi ya sauko mata tun daga ka har tafin ƙafa. Ta tsira! Ga mijinta, ga 'yarta, ga ɗakinta. A ranta har ta fara yi wa Allah alkawarin azumi uku, da cewa ko kukan kaza ba za ta ƙara kwaikwaya ba har ta mutu.

Mala ya matso ya dafa, ya faɗa, ya koma.

Uzairu ya dafa. "Ba ni na yi ba, kuma ban san wanda ya yi ba." Ya faɗe ta da zuciya ɗaya, bawan Allah, don bai sani ɗin ba. Kullum yana fadama wajen shinkafa, ina ya ga ta Tiktok.

Kaltume ta zo ta dafa, ta faɗa, har da ƙarin "ko kaffara ba zan yi ba" da ba a tambaye ta ba.

"Nuriyya."

Nuriyya ta tashi. Ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta. Ta miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a sama.

A lokacin ne Rahmatu ta tuna rabin rantsuwar na biyu. Sanyin nan da ta ji ya gudu, ya bar ta da wani tsoron da ya fi na farko.

"Dafa mana," in ji Baba.

"Baba, wallahi ba ni na yi muryar ba."

"Ban ce ki ce wallahi ba. Dafa, ki faɗi yadda 'yan'uwanki suka faɗa."

"Baba, ka yi min rai."

"Ke Nuriyya!" Mala ya daka mata tsawa. "Me kike jira?"

Ta janye hannun ta ɗora a cinya. Hawaye ya fara zuba.

"Ba zan iya ba."

Inna Amsa ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku ni Amsa! Ke ce?"

"Ba ni ba ce, Inna."

"To wane ne?" in ji Baba. A hankali ya yi tambayar, kuma wannan a hankalin ya fi tsawar Mala ban tsoro. "In ba ke ba ce, kin san shi. Faɗi sunansa ki tashi."

Nuriyya ba ta waiwaya ba. Ko da wutsiyar ido ba ta dubi ƙarshen tabarma ba. Ta kafa ido a ƙasa.

"Ba zan iya faɗa ba, Baba."

"Ai babu wani wane," Mala ya ce. "Ita ce! Wa ya iya waɗannan abubuwan a gidan nan in ba 'yar jami'a ba? Tun da ta dawo gida kullum tana bayan ɗaki da waya, ashe abin da take shukawa ke nan."

"Yaya Mala, ka ji tsoron Allah."

"Ke kika ji shi?"

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya daɗe yana kallon 'yarsa.

"Ke ce auta. Da 'yan'uwana suka ce kada in kai mace jami'a, na ce sai na kai. Na ce wannan ita za ta fitar da ni kunya. Ashe ke za ki tsayar da ni gaban Liman ina shafa gemu."

"Baba..."

"Yaushe ne jarrabawarku?"

"Litinin."

"Babu ita. Babu makaranta. Ki shiga ki haɗa kayanki, Mala zai kai ki wajen gwaggonki kafin ruwan nan ya sauko. Na rantse, kuma ba zan yi kaffara saboda ke ba."

Nuriyya ta fashe da kuka, amma bakinta bai buɗe da sunan kowa ba.

Rahmatu tana zaune kamar an dasa ta. Wata zuciyar tana ce mata: yi shiru. 'Yarsa ce, jininsa ce, gobe ko jibi zai huce ya dawo da ita. Ke kuwa bare ce, in kika fita kin fita ke nan. Ta ƙara ƙanƙame Asiya har yarinyar ta yi ƙara.

Sai Baba ya sa hannu ya cire hularsa, ya ajiye ta a kan buzu.

Inna Amsa ta yi kururuwa ta zube a gabansa.

"Malam, kada ka yi! Don girman abin da ke gabanka kada ka yi mata baki! Kore ta, doke ta, amma kada ka yi mata baki!"

"Matsa, Amsa."

"Baba, a yi haƙuri," in ji Uzairu.

"Ku yi min shiru!" Ya nuna Nuriyya da yatsa. "Ke, buɗe kunnenki ki ji. Tun daga ranar da aka haife ki nake sa miki albarka safe da yamma. To yau, ni Bunu, na..."

"Ni ce."

Ƙaramar murya ce, amma ta tsayar da shi. Kowa ya waiwayo.

Rahmatu ba ta san lokacin da ta sauke Asiya ba. Ta tsinci kanta a tsakiyar tabarma a durƙushe.

"Ni ce, Baba. Ba Nuriyya ba ce. Ni nake yi."

"Anti, a'a!" in ji Nuriyya.

Uzairu ya yi wata 'yar dariyar ruɗewa. "Ke, me kike faɗa haka? Koma ki zauna."

"Wallahi ni ce, Baban Asiya."

Baba ya girgiza kai, har fuskarsa ta ɗan saki.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na san kuna shiri da ita. Amma ba a ɗaukar wa mutum irin wannan kayan. Tashi."

"Baba, ba rufa mata nake ba."

"Kaltume, kama ta ku koma gefe."

"Ku ba ni in dafa!"

"Ba zan bari ki dafa ƙarya don tausayi ba," in ji Baba. "Ke da ko sallama sai an kasa kunne ake jin taki, ke ce za ki yi muryar namiji? Muryata? Kauce min in gama da wannan."

Ya mai da yatsansa kan Nuriyya.

Kun ga tashin hankali? Ta faɗi gaskiya, gaskiyar ta ƙi karɓuwa. Kunyar da ta yi shekara shida tana yi ita ce yau ta tsaya mata a hanya. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma Rahmatu ta san in ta bi ta babu dawowa. Ta dubi Asiya da ke tsaye tana tsotsar yatsa. Ta dubi Uzairu.

Ta rufe ido. Ta ɗaga kai, abin da ba ta taɓa yi a gaban surukinta ba.

Sai muryar Baba Bunu ta fito daga cikin hijabin Rahmatu, da kaurinta, da 'yar shaƙewarta, da karyewar nan da ta yi ɗazu:

"Ku yi min shiru! Ke, buɗe kunnenki ki ji. Tun daga ranar da aka haife ki nake sa miki albarka safe da yamma. To yau, ni Bunu..."

Ta kasa ƙarasawa.

"A'uzubillahi!" Kaltume ta ja da baya da gindi har ta sauka daga tabarma.

Wayar Mala ta faɗi ƙasa. Inna Amsa ta saki baki tana kallon mijinta, tana kallon surukarta, kamar tana son ta tabbatar daga wane bakin maganar ta fito. Ba kwaikwayon kaɗai ba, yarinyar nan ta kama sunan surukinta gatsau a gabansa, sunan da ko a bayan idonsa ba ta taɓa faɗa da muryarta ba.

Babu wanda ya yi dariya. Ko ɗaya.

Yatsan Baba ya sauko a hankali. Fuskarsa ta yi wani iri, ba fushi ba, abin da ya fi fushi ciwo.

"Ke?" ya ce. "Ke da nake cewa a yi koyi da ke?"

Rahmatu ta kifa goshinta a tabarma tana kuka.

"Ka yafe min, Baba. Wallahi ba raini ba ne. Wasa na fara yi wa Asiya don ta ci abinci, abin ya fi ƙarfina. Nuriyya ba ta taɓa yin muryarka ba. Ka mai da hularka, Baba, don Allah ka mai da hularka. Ni ka yi min duk abin da ka ga dama."

"Lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi," Mala ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Uzairu yana kallon matarsa kamar yau ya fara ganinta, jijiyar wuyansa tana harbawa.

Baba ya ɗauki hularsa ya mayar. Ya tattara takardun Alƙur'anin, ya sa a gafaka, ya ɗaure igiyar, ƙulli bayan ƙulli, ba gaggawa. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan tabarma.

"Nuriyya, tashi ki shiga ɗaki. Litinin ki tafi jarrabawarki."

"Baba, ni na buɗe mata shafin, ni na..."

"Na ce ki shiga ɗaki."

Inna Amsa ta ja ta suka wuce, tana turjewa tana waiwaye.

Baba bai ƙara duban inda Rahmatu take ba. Ya juya wajen ɗansa.

"Uzairu."

"Na'am, Baba."

"Ka ji rantsuwar da na yi a bakin zaure?"

"Na ji, Baba."

"Shiga ka ɗauko takarda da biro."

Rahmatu ta ɗago a firgice. Idonta ya sarƙe da na mijinta, tana girgiza masa kai, bakinta yana motsi amma a duk muryoyin da ta iya babu ko ɗaya da ta fito.

Uzairu bai motsa ba.

"Ko sai na maimaita?" in ji Baba.

Uzairu ya dafa ƙasa, ya miƙe.